A Cire Inuwa daga Layi na Tara

Ban san mutum yana iya tsufa a cikin mota ba sai a hanyar Sakkwato. Na shiga ina ɗan shekara goma sha takwas, na sauka a Illela gwiwoyina suna ƙara kamar na kakana. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum biyu, na biyar ɗinmu buhun barkono ne, kuma shi kaɗai ya samu wurin sakewa.

Sunana Inuwa, daga Birnin Gwari. Asalinmu Kakangi, a can gonarmu take, amma mun daɗe ba mu kai fartanya cikinta ba saboda mutanen daji. Muka dawo cikin gari, Baba ya koma sayar da gawayi a bakin hanyar Kaduna, ni kuma da na gama sakandare na zama mai loda masa buhuna. Duk wanda ya gamu da ni da yamma sai ya ja da baya, don idanu da haƙora kawai ake gani. Shi ya sa da ƙanin Inna, Kawu Shehu, ya bugo waya daga Nijar ya ce ana ɗaukar samari a wata babbar tashar wutar sola inda yake gadi, ban bari ya kai ƙarshen maganar ba. Ya ce gwajin wata ɗaya ne: wanda ya yi hankali a riƙe shi, wanda bai yi ba a sallame shi. Kafin sati ya zagayo Inna ta sanar da unguwa kaf cewa ɗanta zai tafi ƙasar waje aikin wuta. Har walima aka yi mini da ƙosai. To wanda aka yi wa walima, da wane ido zai dawo bayan wata ɗaya ya sunkuya a ɗora masa buhun gawayi?

A Illela wani mutum ya tare ni, sanye da kwat a kan jallabiya, da biro uku a aljihu. Zuciyata ta ce mini mai biro uku ba zai yi ƙarya ba.

"Ɗan samari, ƙetarawa za ka yi? Ina takardarka?"

Na nuna masa katina na ɗan ƙasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan ai na gida ne. Can Faransanci suke karantawa."

Ya zaro wata takarda mai ruwan ƙwai da hatimi biyu, ya rubuta sunana a sama da biron tsakiya, ya raba ni da kuɗin abincina. Har godiya na yi masa, na ce Allah ya ƙara girma.

Bayan mun wuce Ƙonni aka tsayar da mu a shinge. Kowa ya miƙa katinsa, ni kuwa na miƙa takardata da hannu biyu ina duban sauran fasinjoji da tausayi. Jandarman ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya karanta, sai ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Kai ne Inuwa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Lahiya lau kake? Ba ka tari? Kana cin ciyawa sosai?"

Takardar rigakafin jaki ce. Ya fassara wa motar gaba ɗaya, layi bayan layi: an yi mini allura biyu, ni namiji ne, launina toka-toka, kuma ba na harbi. Sannan ya karɓi katin nan da aka ce na gida ne, ya duba, ya ce mu wuce. Wata tsohuwa da ke gefena, da ta gama share hawayen dariya, ta kwance ƙullin dambun zogale ta raba biyu.

"Ci, ɗana. Ganye ne, zai karɓe ka."

Na ci. Yunwa ba ta bar mini wurin fushi ba.

Kawu Shehu ya tare ni a tashar mota a Yamai, ya ɗora ni a babur muka bar gari. Can na hango wani abu yana ƙyalli daga nan har inda ido ya tsaya.

"Kawu, wannan wane kogi ne?"

"Kogin da za ka wanke ke nan."

Farantan sola ne, baƙaƙe masu sheƙi, kowanne ya fi ƙyauren ɗakinmu, an jera su layi-layi a kan ƙafafun ƙarfe, duk sun karkata gefe guda kamar suna sauraron wa'azi. A garinmu wanda ke da faranti ɗaya a kan rufi shi ne mai cajin waya, kuma ana gaishe shi da girmamawa. Nan kuwa na fara ƙirgawa, na gaji, na bari.

Shugaban leburori shi ne Isufu, amma Shef ake ce masa. Gajere ne, muryarsa kuwa ta dogon mutum. Ya ba ni hular kwano da buroshi mai doguwar sanda, ya kai ni layin da ke bakin wayar shinge ta gabas.

"Wannan layi na tara, naka ne. Ba a takawa, ba a jingina, ba a ɗora komi bisa, ba a kwanciya ƙarƙashi. Ka ji, ɗan Najeriya?"

"Na ji, Shef. Numfashi fa, an yarda?"

"Mi ka ce?"

"Na ce Allah ya taimaki Shef."

Aikin wuta da Inna ta yi shela a kansa, ashe wanke-wanke ne. Ruwan ma a ƙididdige ake ba mu, don wurin ba shi da ruwan ɓarnatarwa. Tsuntsayen Nijar kuwa kamar taro suka yi suka zaɓi layina ya zama bayan gidansu. In goge nan, in juya, an sake sa hannu. Ga rana. A Birnin Gwari rana tana da kunya, takan bi ta bayan ɗorawa da kaɗanya kafin ta iso ka. A nan tsirara take zuwa, ta doke ka ta sama, gilashi ya maido maka da ita ta ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi, ga inuwa dubu a ƙarƙashin farantan nan, sanyi ƙalau har ciyawa ta fito, amma tumaki kaɗai aka yarda su shiga. Wai an kawo su ne su cinye ciyawar don kada ta yi tsawo. Tunkiya tana kwance tana tuƙa tana kallona, ni ɗan Adam mai takardar sakandare ina soyuwa.

Wurin hutawarmu ɗaya ne tak: wani gawo da ke jikin waya, dab da layina. A ƙarƙashinsa muke cin abinci, mu yi azahar, Kawu ya dafa shayi. In na zauna a nan sai dajinmu ya faɗo mini a rai, dajin da a gida ko sunansa ba ma son faɗa da ƙarfi. Sai in tuna yadda muke shiga tsintar kaɗe da ƙannena tun kafin abubuwa su lalace, da tuwon masarar Inna. Nan shinkafa ce safe da rana, har na fara jin in na yi atishawa ita za ta fito.

Babbar injiniyar wurin Madam Ramatu ce. Bazabarmiya ce, Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba namiji da mace. Ni "ke" take ce mini, 'yarta kuma "shi". Ranar farko da ta ce "Ke, zo nan," sai da na waiga ina neman yarinyar.

Wata rana ta tsaya a layina tana duba wayoyi, bakina ya ƙi zama.

"Madam, wai an ce wurin nan gyara duniya yake yi?"

"E. Da can manyan injuna suna shan gas, suna hayaƙi, kafin gari ya samu wuta. Yanzu da rana wannan yana ɗauke musu aiki. Babu hayaƙi, babu ƙara. Asibiti yana samu, masu niƙa suna samu."

"To itatuwan da ke nan da fa? A garinmu in aka share fili haka, gawayi aka yi."

"Yawanci fako ne. Amma mun sare, gaskiya. Mun dasa wasu a can baya."

Na riga na ga waɗanda suka dasa. Tsawonsu bai wuce ƙwaurina ba, rabinsu kuma awakin ƙauye sun yi musu gaisuwa. Na faɗa mata haka. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kawunki ya ce babanki yana sayar da gawayi. Buhu nawa kika loda?"

Na ce bari in je in ɗebo ruwa.

Yanzu sai in faɗi gaskiya, tunda abin ya wuce. A sati na biyu na wanke rigata da wandona, na rasa igiya, na shanya su a kan faranti biyu na ƙarshen layi. Kafin in ƙirga ɗari sun bushe har sun yi karin guga. Daga nan kullum a can nake shanya. Na kuma gano cewa in Shef ya tafi ɓangaren yamma, mutum zai iya rarrafawa ya kwanta tsakanin tumaki ya runtsa. Akwai kuma ranar da muka yi gardama da wani lebura a kan ko farantin zai soya ƙwai. Bai soya ba. Ya dai gangara a hankali, ya bushe, na kwashe awa guda ina kankarewa.

Ana cikin haka Madam ta fara zuwa layina da safe, fuska a ɗaure.

"Ke Inuwa, kina wankewa da kyau? Kwamfuta ya ce tara ba ya ba da wuta kamar takwas."

"Wallahi Madam, har fuskata nake gani a ciki."

Saura kwana uku gwajin ya cika, da la'asar na je mayar da buroshi. Ma'ajiyar tana jikin kwantenar da suka mayar ofis, taga kuma a buɗe. Na ji muryar Madam.

"Na gano. Inuwa ne. Shi yana lalata layi tara. Kullum da safe shi yana kwance a kai."

Shef ya ce, "To mi za a yi?"

"A cire shi. Ba na so, amma dole. Gobe."

Buroshin ya faɗi daga hannuna. Kwance a kai! Ni a ƙarƙashi nake kwanciya, kuma da rana, amma wa zai tsaya gyara wa mai korarsa magana? Na koma masaukinmu na tusa kayana a jaka. Ina jin muryar abokaina tun daga nan, ina ganin Inna tana ɓuya daga matan da suka ci ƙosai. Bayan magariba na zauna kusa da Kawu.

"Kawu, a ce wani yaro ne, ba ni ba, ya yi wasu 'yan kurakurai a wurin aiki, kuma manya sun gane. Me ya kamata ya yi?"

Kawu ya kurɓi shayi. "Ya riga su. Ya je ya faɗa da bakinsa tun ba a kira shi ba. Babba yana jin kunyar wanda ya kawo kansa." Ya ƙura mini ido. "Wane yaro ne?"

"Wani ne. Ba ka san shi ba."

Washegari da sassafe na isa ofis, na cire hular kwano, na durƙusa. Madam da Shef suna tsaye a kan wata takarda.

"Madam, Shef, na zo da kaina. Shanyar kaya, na yi. Amma faranti biyu ne kawai, kuma wandon ba shi da nauyi."

Suka dubi juna. Na ɗauka jira suke in ƙarasa.

"Barci ma na yi, amma a ƙarƙashi, ba a kai ba, tumaki shaida ne. Ƙwai kuwa guda ɗaya ne, kuma ba ni na kawo shawarar ba."

Shef ya ajiye biro a hankali. "Wane ƙwai?"

A nan jikina ya ba ni cewa akwai matsala.

"Ba... ba shi ya sa za a cire ni ba? Jiya na ji Madam ta ce a cire Inuwa."

 Madam ta kama hannun rigata ta ja ni waje har bakin layina, ta nuna. Rana ta fito ta bayan gawon nan, inuwarsa ta miƙe ta haye waya ta kwanta male-male a kan farantai shida. Kullum ina ganinta, har daɗi nake ji in na iso wurin da buroshi.

"Wannan inuwa! Na itace! Ke wa ya kira ki?"

Ta yi mini bayani tana huci. Farantan a haɗe suke kamar mutanen da ke miƙa wa juna bokiti, in ɗaya ya yi sanyi duk layin ya yi sanyi. Gawo kuma itace ne mai taurin kai: da damina, lokacin da kowa ke ganye, shi zubarwa yake, sai damina ta ɗauke ya yi kore shar. Sanda aka auna wurin tsirara yake, ga shi kuma ya ƙara girma. Shef har ya nemo izini da masu injin yanka, da azahar za su zo su kayar da shi.

Shef ya iso bayanmu yana murmushin da ban so ba.

"Madam, tunda mota za ta zo, sai ta kwashe inuwa biyu gaba ɗaya."

Da a ce Madam Bahaushiya ce ta ce "a cire ta", da yanzu ina can ina goge kashin tsuntsu cikin rufin asiri. Harafi biyu suka kashe ni. Na dubi gawon, na ga mu biyu ne a layin yanka, sai bakina ya riga hankalina.

"Madam, ba sai an kashe shi ba. Aski za a yi masa."

"Aski?"

Na ce a Kakangi ina da aboki Bafulatani, Ja'e, da bazara tare muke hawa maɗaci mu sassabo wa shanunsu ganye. Akwai yadda ake saran reshe itacen bai mutu ba, baɗi ya sake tohowa. In an rage masa kai da rassan da ke wajen farantai, inuwar za ta tsaya bayan waya.

Madam ta daɗe tana kallon itacen. Na lura ita ma ba ta son a kayar da shi.

"Gobe ƙarfe tara zan duba kwamfuta. In tara ya kamo takwas, itace ya zauna, ke ki zauna. In bai kamo ba, ku biyu."

Na ari adda wurin mai tumaki na cire takalma. Abin da ban faɗa wa Madam ba shi ne, maɗaci ba shi da ƙaya. Gawo kuwa kamar don ni aka yi masa su. Kafin in kai reshe na farko na zama abin tausayi, kafin na biyu na fara kiran sunan Inna. Kawu ya baro bakin ƙofa ya tsaya a ƙasa, labari ya riga ya kai masa.

"Wani yaro ne, ko? Ban san shi ba, ko? Sari na hagunka, ɗan banza, shi ne a kan gilashi!"

"Kawu, ai kai ka ce in faɗa da bakina!"

"Na ce ka faɗi abin da aka sani! Wa ya aike ka da ƙwai?"

Ina sara, rassa na faɗuwa, tumaki suka yo gudu kamar an buga musu ƙararrawa. Mai tumakin ya riƙa sa mini albarka, shi kaɗai ne masoyina a ranar. Da rana ta ɗaga inuwar ta janye da kanta, ba yadda za a gane ko aikin ya isa. Na sauko jikina kamar na yi kokawa da bushiya. Matar da ke dafa mana abinci ta zaunar da ni ta ciccire mini ƙayoyi da allura, tana yi tana dariya, ta shafa mini man kaɗe.

Washegari tun rana ba ta fito ba ina tsaye a bakin layi. Ta leƙo, inuwar ta miƙo, ta haye waya, ta kwanta a kan farantai biyu. Biyu! Na bi ta da ido har sama, na ga mai laifin: babban reshen tsakiya, wanda na bari jiya da gangan domin shi ne rumfarmu ta azahar. Leburori sun taru suna kallo. Wani ya ce, "Kai ɗan Najeriya, kada ka taɓa wannan." Na dubi reshen, na tuna buhun gawayi a gadon bayana. Na hau.

Reshen ya yi kaurin cinyata. Ina sara, Kawu yana duba agogon wayarsa yana faɗa mini lokaci kamar mai sanar da mutuwa. Saura kaɗan tara ta cika ya yi ƙara, ya karkata, ya faɗi ta bayan waya. Na leƙa ta tsakanin ƙafafuna. Layi na tara yana ƙyalli daga farko har ƙarshe.

Ban sauko ba. Na ce in korata za a yi, a zo a same ni a nan. Can Madam ta fito daga kwantena, ta tako har gindin itacen, ta ɗaga kai.

"Ke, sauko. Ya kamo."

"Na zauna, Madam?"

"Kin zauna. Amma in na ga wando a kan faranti, da kaina zan kai ki tasha."

Da azahar aka kawo abinci. Gawon yana tsaye kamar wanda wanzami ya yi wa aski cikin fushi, inuwarsa ba ta fi tabarma ɗaya ba. Manyan mutane goma sha biyu suka cusu a ciki, gwiwa na gugar gwiwa, har da Shef a tsakiya. Na ɗauko kwanona na nufo su ina murmushi, ina jiran a ce sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya matsa. Kawu ya nuna mini wani dutse can a tsakiyar rana.

"Wanzami, ga wurinka."

"Haba Kawu! Ni fa na ceci itacen nan."

"Mun gode. Kai ka aske shi, kai za ka jira ya toho."

"Yaushe zai toho?"

"Baɗi war haka, in Allah ya kai mu." Ya kai loma baki. "Gaggawar me kake yi? Ai yanzu kana nan."

Na zauna a kan dutsen, na miƙe zumbur don zafi, na ci shinkafata a tsaye.